Hannu Jarin Talaka: Ɗaurin Da Ke Ceto Shi Da Wanda Ke Kashe Shi A Agege

Duk wanda ya san unguwannin Hausawa na birnin Ikko, kamar su Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago da kasuwar Mil 12, ya san cewa akasarin mazaunansu ba su zo Kurmi da wani jari ba in ban da hannayensu biyu. Da hannu mahauci ke fiɗa da sara, da shi ɗan dako ke ɗaga buhu, da shi ɗan acaɓa ke riƙe kan babur. Haka mai shayi da mai tsire da mai wanki da guga da mai gyaran takalma da ɗan ga-ruwa. Ranar da hannun nan ya sami rauni, ba mutum ɗaya ke shiga wahala ba, domin akwai iyali a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi da ke sauraron aike a ƙarshen kowane wata.

Bisa al'ada, da zarar an ce ƙashi ya kama, sai a ce mutum ya warke. Amma a wurin ma'aikatan asibiti da suka ƙware a kan hannu, ba a cewa ya warke sai ranar da ya koma bakin aikinsa. Ƙashi yana iya haɗewa sarai, amma yatsu su sandare, mai hannu ya kasa damƙar wuƙa ko ɗaura tazuge har ƙarshen rayuwarsa. Abubuwa uku ne ke raba hannun da zai tashi da wanda zai mutu: siffar da aka ɗaure shi a kai, da tsananin ɗaurin, da kuma tsawon lokacin da aka bar shi a ɗaure. Akwai sana'a guda ta asibiti da ke koyar da waɗannan abubuwa uku, ana kuma yin ta a nan cikin Ikko, amma kaɗan ne daga cikin Hausawan Agege suka taɓa jin labarinta.

Agege Da Raunukan Sana'a

Zaman Hausawa a Agege ya samo asali ne daga hanyar jirgin ƙasa da cinikin goro. Hanyar jirgin da ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege ta isa Badun a cikin shekarar 1901, kuma zuwa 1912 an haɗa ta da Kano. Gonakin koko da na goro da suka bunƙasa a kewayen Agege da Ifako su suka jawo fatake daga Arewa, suna kawo shanu suna komawa da huhun goro. A hankali zango ya zama unguwa, unguwa ta yi sarki da limamai da makarantu. Yau gonakin sun zama gidaje, amma babbar mayankar Jihar Legas tana nan a Oko-Oba, kuma Hausawa na cikin masu riƙe da harkar dabbobi da nama a wurin.

Kowace sana'a da irin raunin da take jawo wa hannu. Mahauci wuƙa ke zamewa ta yanke masa yatsa ko tafi. Ɗan acaɓa in ya faɗi, hannu yake fara dafawa a ƙasa, sai wuyan hannu ya karye. Ɗan dako buhu ko akwati ke danne masa yatsu. Mai injin markaɗe da mai injin niƙa bel ke kama su. Mai suya da mai shayi kuwa ƙuna ce tasu, ta tafasasshen mai ko ta ruwan zafi, balle kuma gobarar fetur a wajen zuba wa janareta mai yana cikin aiki. A gida ma akwai yara masu rarrafe da kan dafa garwashi ko murhu. Duk waɗannan raunuka ɗauri ake yi musu, ko a gida ko a wurin mai ɗori ko a asibiti.

Yadda Hannu Yake

Kafin a gane dalilin da ya sa ɗaurin hannu ya bambanta da na ƙafa, ya kamata a san yadda Allah ya tsara shi. Daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsu akwai ƙasusuwa 27. Guda 8 ƙanana ne a wuyan hannu, guda 5 a cikin tafi, sauran 14 kuma a yatsu, kowane yatsa yana da 3 in ban da babban yatsa mai 2. Yawancin tsokokin da ke ba yatsu ƙarfin damƙa ba a cikin tafi suke ba, a sangalin hannu suke. Daga can suke jan yatsu ta hanyar wasu fararen jijiyoyi masu kama da igiya, irin waɗanda mahauta ke kira agara. Waɗannan jijiyoyi suna zamewa ne a cikin ƙananan kube, kamar yadda tazuge ke zamewa a cikin ƙugun wando.

Bayan su akwai manyan jijiyoyin saƙo guda 3 da ke saukowa daga laka, su ke kawo umurnin motsi daga ƙwaƙwalwa, su kuma mayar da labarin zafi da sanyi da taɓi. Sa'an nan ga jijiyoyin jini masu ciyar da duk waɗannan.

Abin lura shi ne, hannu an yi shi ne don motsi, ba ya jure zama wuri ɗaya. Idan ya yi rauni sai ya kumbura, ruwan kumburin nan kuwa in ya daɗe yakan zama kamar danƙo, ya manne jijiyoyi da kubensu, gaɓoɓi su ƙage. Makonni kaɗan sun isa yatsan babban mutum ya sandare. Saboda haka mai jinyar hannu kullum yana tsakanin buƙatu biyu: abin da ya karye yana son hutu, sauran hannun kuma yana son motsi.

Mai Ɗori Da Iyakar Aikinsa

Ɗori tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, galibi gadonta ake yi, kuma masu ita sun biyo 'yan uwansu har Kurmi. Ba abin mamaki ba ne da mutumin Agege ke fara nufar mai ɗori. Yana kusa, yana jin Hausa, ba ya neman kati ko ajiyar kuɗi kafin ya taɓa majinyaci, yakan yi haƙuri har a sami abin biya, ga kuma addu'a da tofi da ke kwantar da hankali. Karaya mai sauƙi wadda ƙashi bai goce ba, sau da yawa takan warke a hannunsa. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba.

Amma likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan hannaye da ƙafafun da ke zuwa musu bayan ɗorin gida ya ɓaci. Haɗari na farko shi ne tsananta ɗauri. Mai ɗori yakan jera karare ko tsagin gora kewaye da gaɓa ya tamke da tsumma ko igiya. A kwanakin farko bayan karaya kumburi ƙaruwa yake yi, kara kuwa ba ya buɗewa. Sai jini ya kasa ratsawa, kuma cikin sa'o'i kaɗan, kamar 6 zuwa 8, tsoka ta fara mutuwa. In abin ya yi tsanani hannu ya yi baƙi ya ruɓe, ba sauran magani sai yankewa. In bai kai haka ba, matacciyar tsokar ta ƙanƙance ta ja yatsu su dunƙule kamar ƙafar shaho. Wani likitan Jamus mai suna Richard von Volkmann ya bayyana wannan cuta tun cikin shekarar 1881, ya kuma danganta ta da matsattsen ɗauri. Yara da suka karye a kusa da gwiwar hannu sun fi kowa shiga wannan haɗari.

Haɗari na biyu shi ne siffar ɗaurin. Abin da hankali ya fi ba mutum shi ne ya shimfiɗa hannu a kan allo ya miƙe yatsu sambal ya ɗaure. To, wannan siffa ce mai lahani. Gaɓoɓin da ke gindin yatsu suna da ƙananan igiyoyi a gefe da gefe waɗanda kan saki in an miƙe yatsu. In aka bar su a sake na makonni sai su gajarce, bayan an kwance ɗauri mutum ya kasa dunƙule hannu.

Haɗari na uku shi ne daɗewa. Yawancin karayar ƙasusuwan tafi da na yatsu mako 3 zuwa 4 ne suke bukata kafin a fara motsa su a hankali, karayar wuyan hannu kuma wajen mako 6. Wanda aka bar shi wata 3 a ɗaure, ƙashinsa ya kama, amma hannunsa ya tafi.

Akwai kuma raunukan da ba aikin ɗori ba ne ko kusa. Idan wuƙa ta tsinke jijiyar da ke lanƙwasa yatsa, fata tana iya warkewa cikin mako guda, amma yatsan ba zai sake lanƙwasuwa ba sai likita ya ɗinke jijiyar, kuma ɗinkin ya fi kyau a cikin kwanakin farko, kafin bakin jijiyar ya janye ya shige ciki. Haka nan akwai wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da kan karye in mutum ya faɗi ya dafa ƙasa. Ciwonsa kamar targaɗe ne, wani lokaci ma ba ya fitowa a hoton farko, jini kuma bai wadace shi ba, saboda haka in ba a tsare shi da kyau ba yakan ƙi haɗewa, wuyan hannu ya yi ta ciwo shekara da shekaru.

Su Wane Ne Masu Jinyar Sana'a?

Mutane da yawa sun san sashen gashi a asibiti, inda ake motsa gaɓoɓi da gasa su. Amma akwai wani sashe daban, wanda za a iya kira sashen jinyar sana'a, a asibiti kuma ana taƙaita sunansa da haruffan O.T. Aikin ma'aikatansa shi ne su mayar da majinyaci ga ayyukansa na yau da kullum, watau cin abinci da sa tufafi da alwala da rubutu da sana'ar da yake ci da ita. Tambayarsu ta farko ga majinyaci ita ce wane aiki yake yi da hannun, domin hannun tela da na ɗan dako ba abu ɗaya ake nema daga gare su ba.

An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a Amurka a cikin shekarar 1917, yaƙe-yaƙen duniya biyu kuma suka bunƙasa ta saboda ɗimbin sojojin da suka komo da raunuka. A 1952 aka kafa tarayyarsu ta duniya. A nan Ikko ma yaƙi ne ya haifar da Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke kan hanyar Ikorodu. Ya fara ne a matsayin sansanin jinyar sojoji a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama asibiti sosai a 1945. Takwaransa na Dala a Kano an buɗe shi a 1959, kuma a 1979 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar da ta haɗa su biyun da na Inugu a ƙarƙashin hukuma ɗaya. A Igbobi akwai likitocin ƙashi, da na ƙuna da gyaran fata, da sashen gashi, da na jinyar sana'a.

Ɗaya daga cikin manyan ayyukan masu jinyar sana'a shi ne ƙera matallafin hannu, watau abin da ke tsayawa a madadin karan ɗori, amma wanda aka auna shi da hannun mutum ɗaya da kuma irin rauninsa.

Yadda Ake Ƙera Matallafi

A da, da ɗaurin siminti ake yi, irin wanda wani likitan sojan ƙasar Holan, Antonius Mathijsen, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1850, ko kuma da ƙarfe da fata. Daga shekarun 1960 aka sami wata irin roba da ke yin laushi a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70. Ma'aikaci yakan aza hannun majinyaci a kan takarda ya zana shi, ya yi alama a kan gaɓoɓi, ya yanke takardar ya gwada, kamar dai yadda tela ke yi. In ta yi daidai sai ya yanka robar a kanta, ya tsoma a ruwan zafi, ya tsane ta, ya lulluɓa ta a hannun ya siffanta ta. Cikin 'yan mintoci ta sandare. Sai ya goge bakinta don kada ta ci fata, ya sa mata maɗauri. Ba ta da nauyi, ana iya cire ta a wanke hannu in likita ya yarda, kuma in kumburi ya sauka ana sake ɗumama ta a gyara.

Siffar da aka fi ɗaure hannu mai rauni a kai ita ce wadda wani likitan birnin Edinbara, J.I.P. James, ya yi suna wajen koyarwa. Ana ɗan ɗaga wuyan hannu baya kamar digiri 20 zuwa 30, a lanƙwasa gindin yatsu digiri 70 zuwa 90, a bar sauran gaɓoɓin yatsu a miƙe, a kuma nisanta babban yatsa da tafi. Hannun yakan yi kama da bakin agwagwa. A haka ƙananan igiyoyin nan na gaɓoɓi suna nan a miƙe, ba su samun damar gajarcewa. Wata ƙa'idar kuma ita ce, kada a ɗaure gaɓar da ba ta bukatar ɗauri. In wuyan hannu ne ya karye, a bar yatsu su yi ta motsi tun daga ranar farko.

Matallafi iri-iri ne. Wanda kan yatsansa ya langaɓe saboda jijiyar da ke miƙe shi ta tsinke, ƙaramin matallafi ake yi masa mai riƙe gaɓar ƙarshe kaɗai, ya zauna dare da rana har mako 6 zuwa 8. In ya bari yatsan ya langaɓe ko sau ɗaya a tsakani, lissafi ya koma farko. Wanda ya karye a damtse har jijiyar saƙo ta taɓu, wuyan hannunsa ya saki, akan yi masa matallafi mai riƙe wuyan hannu, wani lokaci da roba mai ɗaga yatsu, don ya ci gaba da amfani da hannun. Jijiyar saƙo in tana sake tsiro, kamar milimita 1 take yi a yini, saboda haka jiran na watanni ne, kuma matallafin ne ke hana gaɓoɓi ƙagewa kafin ta iso.

Mahaucin da aka ɗinke wa jijiya shi ya fi kowa bukatar wannan kulawa. In ya motsa yatsa da ƙarfi ɗinki ya tsinke, in bai motsa ba jijiya ta manne. Wani likitan Amurka, Harold Kleinert, ya yi suna da wata dabara, inda ake sa matallafi ta bayan hannu don ya hana yatsu miƙewa gaba ɗaya, a kuma maƙala zaren roba a farce. Majinyaci ya miƙe yatsa da kansa iyakar matallafin, robar kuma ta mayar da shi, jijiya tana zamewa ba tare da an ja ɗinki ba. Yau akwai wasu hanyoyin da suka biyo baya, amma manufar ɗaya ce. Matallafin yakan yi wajen mako 6, aiki mai nauyi kuwa sai bayan kamar mako 12.

Ƙuna ita ma tana da nata hukunci. Tabon ƙuna ja yake yi, kuma yakan ci gaba da ja har shekara guda ko fiye. Yaron da ya dafa garwashi, in aka naɗe masa hannu a dunƙule, yatsunsa kan manne da tafi. Irin wannan a buɗe ake tallafe tafin, a sa ƙyalle tsakanin yatsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In tabo ya riga ya ƙage, sai tiyata. Haka masu cutar kuturta: magungunan zamani, waɗanda ake bayarwa kyauta tun 1995, suna kashe ƙwayar cutar, amma ba su miƙe yatsun da suka riga suka lanƙwashe. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya daga 1946, ya nuna cewa tausa da matallafi da tiyata suna iya mayar da irin waɗannan hannaye ga aiki.

Amma fa matallafi ba maganin kowace cuta ba ne. An daɗe ana sa shi ga masu shanyewar ɓarin jiki, sai wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2007 ya nuna cewa kwana da shi bai hana wuyan hannunsu ƙagewa ba. Sanin inda ba ya amfani yana cikin ilmin, shi ya sa matallafin da aka saya a kanti ba tare da awo ba bai kai wanda ƙwararre ya ƙera ba.

Ina Ake Koyon Wannan Aiki?

Daga Agege zuwa Oshodi tafiya ce ta mota ɗaya. A can ne Makarantar Tarayya ta Jinyar Sana'a take, a ƙarƙashin Asibitin Masu Taɓin Hankali na Yaba, wanda aka kafa tun 1907. Haɗin ba na banza ba ne, domin tun asali ana amfani da aikin hannu wajen jinyar masu taɓin hankali. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana ba da digiri a wannan fanni. A Igbobi kuma akwai kwalejin tarayya mai horar da masu ƙera gaɓoɓin roba da takalman gyaran ƙafa da makamantansu. Hukumar da ke yi wa masu gashi da masu jinyar sana'a rajista, Doka ta 38 ta shekarar 1988 ce ta kafa ta.

Ɗalibi yakan fara da sanin ƙasusuwa da tsokoki da jijiyoyi, sa'an nan ya koyi zane da yanka da siffantawa, yana gwadawa a hannun abokan karatunsa kafin a bar shi ya taɓa majinyaci. Wannan ilmi ne da ba ya zama sai da yawan yi, robar kuwa daga ƙasashen waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala. Saboda haka a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ma'aikata kan koma ga siminti da sanholo da bututun roba na famfo da fata da tsohon tub. Ba Nijeriya kaɗai ce ta makara wajen koyar da wannan sana'a ba. Ƙasar Tailan ma sai a 1980 ta fara, a jami'ar birnin Ciyang Mai. Abin da ke akwai dai shi ne, masu jinyar sana'a a Nijeriya ba su da yawa, kuma sun fi taruwa a manyan asibitocin birane. Wannan ƙofa ce a buɗe ga 'ya'yan Hausawa da aka haifa a Agege, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, waɗanda suka gama sakandare da darussan kimiyya.

Abin Da Ke Hana Zuwa Asibiti

Babban abin da ke tsorata mutane shi ne maganar da ta bazu cewa asibitin ƙashi wurin yanke hannu ne. Asalin maganar kuwa shi ne, da yawa ba su zuwa sai bayan hannu ya riga ya ruɓe a cikin ɗauri, lokacin da likita ba shi da zaɓi in yana son ya ceci rai. Sai labari ya koma unguwa cewa asibiti ya yanke, ba a ambaci ɗaurin da ya kashe hannun ba, na gaba kuma ya ƙara jin tsoro ya ƙara makara.

Na biyu shi ne kuɗi da lokaci. Mai ci daga hannu zuwa baki, kowace ranar asibiti rana ce da bai samu ba. Na uku harshe ne. Jinyar hannu rabinta bayani ne: yaushe za a cire matallafi, sau nawa za a motsa yatsa, wane aiki ne aka hana. In bayanin bai shiga ba, aikin likita ya tashi a banza. Na huɗu kuma al'adar komawa gida. Da zarar mutum ya ji rauni sai 'yan uwa su haɗa masa kuɗin mota ya tafi Arewa jinya, ya yi kwana biyu a hanya da hannu a tamke yana lilo, a daidai lokacin da kumburi ke ƙaruwa. Wanda ya zama dole ya tafi, ya kamata a fara duba shi a asibiti, ya karɓi takarda ya kai Dala ko wani babban asibiti na kusa da garinsu.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Akwai alamomin da ya wajaba kowane mai ɗauri da masu jinyarsa su sani. Idan ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, musamman in an miƙe yatsu, ko yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka yi mutuwar kasko, ko suka kasa motsi, to a sassauta ɗauri nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Babban Asibitin Orile-Agege yana kusa, Asibitin Koyarwa na Jihar Legas yana Ikeja, na Jami'ar Legas kuma yana Idi-Araba. A cire zobe tun kafin yatsa ya kumbura, a riƙa ɗaga hannu sama da ƙirji. Duk raunin da ƙashi ya huda fata, da duk yankan da ya hana yatsa motsi ko ji, na asibiti ne tun daga ranar farko. Bayan an cire siminti ko an yi tiyata, majinyaci ya tambaya da bakinsa a tura shi sashen gashi da na jinyar sana'a.

Masu ɗori kuwa, korarsu ba za ta yiwu ba, kuma ba ita ce mafita ba. A asibitin Arba Minch da ke kudancin ƙasar Habasha an gwada shirya wa masu ɗori gajeren kwas a kan haɗarin matsattsen ɗauri, rahoton da aka buga a 2005 kuma ya nuna cewa yanke gaɓoɓi ya ragu bayan haka. Jihar Legas tana da hukumar kula da magungunan gargajiya, Agege tana da Sarkin Hausawa da majalisarsa, mahauta da 'yan acaɓa da 'yan dako suna da ƙungiyoyi masu karɓar kuɗin mako. Idan waɗannan suka haɗa kai suka gayyaci ma'aikatan Igbobi da malaman makarantar Oshodi, yini guda ya isa a nuna wa masu ɗori yadda ake barin wurin kumburi, da siffar da ake ɗaure yatsu, da raunukan da ya kamata su tura gaba. Ƙungiyoyin kuma suna iya ware wani abu daga asusunsu don kuɗin hoto da matallafi, su kuma sa mai jin Turanci ya raka ɗan uwansu ya fassara masa bayani. Abin da za a kashe a kan wannan bai kai abin da ake kashewa wajen ciyar da magidancin da hannunsa ya mutu ba.

Allah ya kiyaye hannayen masu nema, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.